LIKITA MILA NA ZARIYA (1872–1952): WANDA YA JUYA LITTAFI MAI TSARKI ZUWA HAUSA

A wannan fitowa filinmu na tarihin mutanen da ya waiwayi wani Bature ne wanda zamansa a Zariya ya yi, amma aikin hannunsa ya iso ƙasar Yawuri tun ba a haifi yawancinmu ba. Duk wanda ya yi aji ɗaya da yaran da suka zo makaranta daga wajajen Wara, ko Shanga, ko ƙauyukan bakin ruwa, zai tuna cewa akwai waɗanda ba a raba akwatinsu da wani littafi mai kauri na Hausa, wanda sukan ɗauka ran Lahadi. Da yawa daga cikinsu Kambari ne, ko Dukkawa, ko Gungawa, ko Dakarkari, kowa da harshen gidansu, amma da Hausa suke karatun ibada. Mutumin da ya fara haɗa wannan littafi cikakke cikin Hausa shi ne Dokta Walter Miller, wanda Zagezagi suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a shekarar 1872 a wani gari da ake kira Honiton, can kudu maso yammacin Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya ƙare sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Ingila, watau CMS, wadda a lokacin take neman samarin da za su shiga ƙasar Hausa. Dalili kuwa, Turawan mishan sun daɗe suna jin labarin wata al'umma mai yawan gaske a tsakiyar Sudan, mai manyan birane da ganuwa da kasuwanni da makarantun allo, wadda fatakenta suka kai harshenta tun daga Gwanja har Bahar Rum.

Ba shi ne ya fara taɓa wannan aiki ba. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön, wanda ya biyo ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya riga shi da shekaru masu yawa. Schön ya zauna a Ingila yana koyon Hausa daga bakin wani yaro, Dorugu, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. A 1857 ya buga Bisharar Matiyu, ya bi ta da waɗansu littattafan, har Sabon Alkawari ya kammala a 1880. Ƙoƙari ne babba, sai dai Hausar da aka koya daga nesa, a bakin mutum ɗaya ko biyu, ba ta iya ɗaukar nauyin littafi irin wannan, kuma kwafin da suka shigo ƙasar Hausa ba su taka kara sun karya ba.

Saboda haka CMS ta tura Mila da abokansa zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya a ƙarshen shekarun 1890, domin a can akwai zangon Hausawa, fatake da mahajjata da 'yantattun bayi. Nan ya zauna yana sauraro yana rubutawa. Nan kuma ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ya keto Sahara da mahaifinsa da niyyar aikin Hajji, mahaifin ya rasu a hanya. Wani abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, Mila ya taimaki yaron ya ƙarasa tafiyarsa zuwa Makka, sa'an nan daga baya suka sake haɗuwa, yaron ya zama na hannun damarsa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka gyara masa harshe. Littafinsa na farko a kan koyon Hausa ya fito a 1901.

A farkon 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya tashi daga Ikko ya nufo Arewa, galibin tafiyar a ƙasa. Sun ratsa Zariya zamanin Sarki Kwasau, suka wuce Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fice masa daga gari. In an dubi al'amarin da idon basira, ba a ga laifin Sarki ba, domin a wannan shekara ce Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, kuma babu yadda za a yi mai sarauta ya bambanta Baturen littafi da Baturen bindiga. Suka dawo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. A nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwo ya rasu, sauran ma cuta ta galabaitar da su, aka watse.

Mila bai haƙura ba, ya komo a 1902. Mu mutanen Yawuri mun san irin zamanin da ake ciki, domin mahara daga Kwantagora, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sun addabi ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu, har ɓarnar ta kai ƙasar Zazzau. Abin da Mila ya gani na kamen bayi a waɗannan shekaru ya zauna masa a rai har mutuwarsa, kuma shi ne tushen zafin da ya riƙa yi wa mulkin sarakuna. A 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, aka ba shi wuri a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta, ya kuma riƙi yara marayu da waɗanda aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi. Ya yi fiye da shekara 20 a cikin ganuwa yana jin Hausar kasuwa da ta fada da ta zaure. Wannan dogon zama shi ne jarin da Schön bai samu ba.

To, me ya sa likita zai ajiye allura ya ƙare ƙuruciyarsa a kan fassara? Amsar tana cikin abin da Kirista suka gaskata game da littafinsu, kuma yana da kyau mu fahimce shi, ko da wane addini mutum yake bi. Wanda ya tashi a makarantar allo ya san cewa Alƙur'ani da Larabci aka saukar da shi, da Larabci ake sallah da shi, duk abin da aka juya zuwa wani harshe kuwa tarjamar ma'ana ce, ba a kiransa Alƙur'ani. Wajen Kirista lamarin ya sha bamban. Su a wurinsu Allah Ya hure waɗansu mutane ne, annabawa da sarakuna da makiyaya da masunta, cikin ƙarnuka masu yawa, kowa ya rubuta da harshensa da salonsa, amma Ruhu Mai Tsarki na bi da shi. Ayar da aka fi kafa hujja da ita a kan wannan tana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3 aya 16. Littattafai 66 ne a lissafin ikkilisiyoyin da Mila ya fito daga cikinsu, 39 na Tsohon Alkawari, akasarinsu da Ibrananci, 27 na Sabon Alkawari da Helenanci. Daɗin daɗawa, Yesu da Aramiyanci ya yi yawancin wa'azinsa, amma da Helenanci aka rubuta bisharun, watau tun ran farko saƙon ya riga ya bi ta hannun tafinta. Su manzannin ma sau da yawa sukan jawo ayoyin annabawa ne daga wata tsohuwar fassarar Helenanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka yi kafin haihuwar Almasihu. Don haka Kirista ba ya ganin fassara a matsayin inuwar littafi. In an yi ta da aminci, Maganar Allah ce a wurinsa, da ita zai yi sujada, da ita za a ɗaura masa aure, da ita za a binne shi. Shehun malamin nan ɗan Gambiya, Lamin Sanneh, ya rubuta littafi guda a 1989 a kan wannan batu kaɗai.

Ka ga ke nan nauyin da ke wuyan mai fassara ba ƙarami ba ne. In ya zaɓi kalmar da ta kauce, dubban mutanen da ba su san Helenanci ba, ba su da kuma hanyar bincikawa, za su haddace kuskurensa su koya wa 'ya'yansu.

Ta wani gefen Hausa ta yi masa sauƙi. Duniyar da ke cikin littafin ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: rijiya, raƙumi, jaki, makiyayi da tumakinsa, fari da yunwa, ƙofar gari, sarki da fadawa, kuturu a bakin hanya, masussuka, ɓaure, alkama. Mu da muka tashi a bakin Kwara ba sai an yi mana bayanin masunta da taru da guguwa a tsakiyar ruwa ba. Bugu da ƙari, ɗaruruwan shekarun da Musulunci ya yi a ƙasar sun riga sun tanadar wa harshen kalmomin addini: annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, alkawari, tashin ƙiyama, Ruhu. Sunayen ma ga su nan a kowane gida, Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yusufu, Musa, Dawuda, Sulemanu, Ayuba. Sunan Allah kansa bai jawo gardamar da ya jawo a waɗansu ƙasashe ba. Littafin Hausa ya kira Mahalicci Allah da Ubangiji, haka kuma ake kiransa a kowace majami'ar Hausa har yau.

Amma wannan sauƙin yana tafe da tasa wahalar, domin kalmar da ta riga ta yi gida tana zuwa da kayanta. Ɗauki alheri. A bakin Bahaushe alheri kyauta ce ko kyautatawa, wadda sau da yawa akan sa ran a rama. An ɗora wa kalmar nan ma'anar jinƙan da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, sai da wa'azin shekaru kafin sabuwar ma'anar ta zauna. Manzo a wurin Musulmi daraja ce ta annabawa, amma a littafin nan almajiran da aka aika su ake kira manzanni. Inda babu kalma sam sai aka yi aro, aka sami baftisma da ikkilisiya da firist. Mafi nauyi duka shi ne laƙabin Ɗan Allah, wanda kunnen Musulmi ba ya ɗauka ko kaɗan, alhali kuwa yana tsakiyar bangaskiyar Kirista. Mila ya san sarai yadda za a ji shi a Zariya, amma bai sassauta shi ba, ya bar shi yadda yake a asali. Ko mai adawa da shi zai yarda cewa a nan bai yi wa littafin ha'inci don neman farin jini ba.

Akwai kuma rigimar rubutu, ajami ko boko. Masu karatu a ƙasar Hausa a lokacin da ajami suke karatu, har an taɓa buga Bisharar Yohanna da ajami a ƙarshen ƙarni na 19. Mila ya tsaya a kan haruffan boko, yana ganin sun fi kama wasulan Hausa, sun kuma fi sauƙi wajen ɗab'i, ra'ayinsa kuwa ya yi tasiri a kan hukuma. A ganina an ci riba an kuma yi hasara. Ribar ita ce yaron Bakambare da bai taɓa riƙe allo ba ya iya koyon karatu cikin 'yan watanni. Hasarar ita ce malaman zaure, waɗanda su ne Mila ya fi so su karanta, sun ɗauki littafin a matsayin kayan Nasara tun daga haruffansa.

Malaman nan ba su rasa abin cewa ba. Sun yarda da Attaura da Zabura da Linjila a matsayin littattafan da Allah Ya saukar, amma matsayin akasarinsu shi ne cewa abin da ke hannun Yahudu da Nasara an jirkita shi. Wannan tambaya, ko littafin ya iso yadda aka rubuta shi, ita ce Mila ya sha fama da ita a zaurukan Zariya, kuma har gobe ita ce kan tashi in an zauna muhawara.

Abin da masu bincike suka tabbatar a kai shi ne wannan. Babu takardar asali ko ɗaya da ta rage wadda annabi ko manzo ya rubuta da hannunsa. Kwafi ne na kwafi, da hannu aka yi ta juyawa har aka ƙago injin ɗab'i a ƙarni na 15. Amma kwafin suna da yawan gaske, na Sabon Alkawari da Helenanci kaɗai sun haura 5,000, daga ƙasashe dabam-dabam, ban da tsofaffin fassarori na Latin da Suriyanci da Kibɗanci da Habashanci. Da aka jera su aka gwada, an sami bambance-bambance masu ɗimbin yawa, galibinsu na harafi ne, ko kalmar da mai juyi ya tsallake, ko wadda ya maimaita saboda gajiya. Akwai kuma 'yan wurare masu girma waɗanda ba a ɓoye su ba, kamar ayoyi 12 na ƙarshen Bisharar Markus, da labarin matar da aka kama da zina a farkon sura 8 ta Bisharar Yohanna, waɗanda babu su a kwafi mafi tsufa. Kirista na cewa yawan shaidun nan shi ne kariyar, domin kuskuren da aka yi a Masar sai kwafin Suriya ya tona shi, kuma babu rukunin bangaskiya da ya rataya a kan wurin da ake shakka. Wanda bai yarda ba zai ce bambanci dai bambanci ne. Kowa ya san inda ya tsaya, amma dai abin da ake gardama a kansa a fili yake, ana iya zuwa a duba.

Mu a nan ma muna da misalin abin da kan sami takardar da ba ta da na biyu. Mungo Park ya wuce ta ƙasar Yawuri a jirginsa, ya halaka a gurguzun duwatsun Busa wajen 1806. Da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo a 1830, sun yi makonni a birnin Yawuri suna neman littafin da yake rubuta labarin tafiyarsa, ba su same shi ba, ba a kuma same shi ba har yau. Kwafi ɗaya ne, ya tafi ke nan.

Mu koma Zariya. Shekarun farko ba su yi wa Mila albarka ba ta fuskar samun mabiya, 'yan ƙalilan ne. Sai a 1913 wani abu ya faru wanda bai zata ba. Tun wajen 1867 an kashe wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa ƙwarai da gaske. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watsu zuwa wajajen Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu ba tare da sun taɓa ganin Linjila ba. Waɗansu daga zuriyarsu ne suka nemo Mila. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, wani ɗan mishan baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna da su. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, aka tashi. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya. Daga wannan zuriya ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Makarantar ta kuma yaye Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida Umaru, wanda da shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi da yawancinmu muka karanta a aji. Irin waɗannan mutane, Hausawa da Fulani haifaffun ƙasa, su ne kunnen Mila. Sunansa ne ya fito, amma duk wanda ya taɓa juya ko wasiƙa ɗaya ya san baƙo ba ya gama irin wannan aiki shi kaɗai.

Ba za a ba da tarihinsa a tsallake halinsa ba. Mutum ne mai kaifin harshe, mai wuyar sha'ani, wanda in ya ga abu bai yi masa ba sai ya faɗa ko a gaban wa. Ya yi ta sa-in-sa da Razdanoni da Gwamnoni a kan mulki ta hannun sarakuna, yana zarginsu da rufe ido ga zalunci. Masana tarihi sun rubuta cewa ƙorafe-ƙorafensa na cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi a 1920 aka kai shi Lakwaja, watau Sarkin da a zamaninsa aka ba shi masauki. Maganganunsa a kan Musulunci sau da yawa sun yi tsauri fiye da kima, 'yar'uwarsa Ethel Miller kuwa ta fi shi, har wata 'yar takarda da ta buga a shekarun 1920 ta tayar da hankalin jama'a da na hukuma. Wannan duka ya sa zaman mishan a cikin birni ya gagara. Zuwa 1929 an kwashe an koma Wusasa, bayan gari, inda aka gina majami'a da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka sa mata suna St Bartholomew. A Wusasan nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Shi Mila bai so wannan ƙaura ba. Ya bar wa waɗansu ragamar, ya koma Kano ya duƙufa a kan ƙarasa fassara. Ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, domin tun taron da ƙungiyoyin mishan suka yi a Lakwaja a 1910 aka fahimci cewa littafi ɗaya ya kamata kowa ya riƙe, don haka mutanen waɗansu ƙungiyoyi, irin su Dokta Andrew Stirrett na SIM, suna dubawa suna ba da shawara. A 1932 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila, wadda aka kafa a 1804, ta fitar da littafin cikakke, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Shekara 32 ke nan bayan korar da aka yi musu daga Kano.

Wani abin mamaki shi ne inda littafin ya sami karɓuwa. Mila Hausawan birni ya nufa, amma waɗanda suka rungume shi su ne ƙabilun da Hausa ta zame musu harshen kasuwa: mutanen Filato, da kudancin Zariya, da Bauci, da Adamawa, da kuma namu na nan. Ƙungiyar UMS, wadda ikkilisiyarta ita ce UMCA ta yanzu, ta buɗe tashoshi a Salka da Zuru a shekarun 1920, daga baya ta zo Yelwa, ta kuma yi asibiti a Tungan Magajiya. Masu bisharar da ta horar da wannan littafi suka shiga ƙauyuka, kuma ga mutane da yawa shi ne littafin farko da suka fara haɗa baƙi a cikinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur, ruwa ya ci tsohuwar Busa da gungu da dama, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Cuɗanyar da ta biyo baya ta ƙara wa Hausa ƙarfi a bakin tafkin, a kasuwa da makaranta da wurin ibada. A nan ma akwai abin dubawa, domin ƙarfin da Hausa ta yi a majami'a ya taimaka wajen danne ƙananan harsuna, har yaro ya tashi yana ganin harshen kakarsa bai isa a yi addu'a da shi ba. Sai a 'yan shekarun baya-bayan nan ne aka juya Sabon Alkawari zuwa harsunan Kambari, ciki har da Tsikimba da ake ji a wajajen Wara da Auna.

Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila, amma zama bai yi masa ba, ya dawo Nijeriya. Ya rubuta littattafai da dama, ciki har da tarihin gwagwarmayarsa a 1936, da wani a 1947 wanda sunansa kansa tambaya ce ga Ingila ko ta gaza a Nijeriya. Yana raye aka sami manyan abubuwan da suka shafi tambayar malaman Zariya. A 1933 Ingila ta sayi kundin Sina'i, kwafin Helenanci na ƙarni na 4, daga hannun gwamnatin Rasha a kan fam 100,000. A 1935 aka bayyana wani ɗan guntun takarda daga Masar mai ɗauke da ayoyin Bisharar Yohanna, wanda masana da yawa suka ce na ƙarni na 2 ne. A 1947 kuma waɗansu makiyaya Larabawa suka yi tuntuɓe da tuluna a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin Annabi Ishaya cikakke, wanda ya girmi kwafin Ibrananci da aka dogara da su da kimanin shekara 1,000. Da aka gwada, sai aka ga nassin ya yi kusa ƙwarai da wanda ake karantawa, bambancin akasari na rubutun kalmomi ne.

Fassararsa ma ba ta tsira daga gyara ba, haka kuwa ya kamata. Hausarta ta tsufa, wani wurin ta bi ginin jimlar Turanci har ta yi tauri, kuma an buga ta kafin a shigo da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, wanda tsohon abokin aikinsa ne a CMS, ya sa hannu a gyaran Sabon Alkawari a ƙarshen rayuwarsa. A 1979 ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da sabuwar fassara cikakkiya. A cikinta Kubawar Shari'a ta koma Maimaitawar Shari'a, Misalai ya koma Karin Magana, Yohanna ya koma Yahaya, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya, Kristi kuma ya zama Almasihu. Dattawa da yawa ba su ji daɗin sauyin ba, domin ayoyin da suka haddace tun suna yara da lafazin tsohuwar suke, shi ya sa har yanzu akan sami tsoho a majami'ar ƙauye yana buɗe sabuwa amma bakinsa na karanta tsohuwa.

Likita Mila ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, yana koyarwa yana rubuce-rubuce. A nan ya rasu a watan Agusta na 1952, yana da shekara 80, aka binne shi a maƙabartar majami'ar St Piran da ke Jos.